Geron Inna

Abu biyu ne Yaya Sadiƙu ba ya wasa da su a gidanmu na Ƙofar Kuyambana: geron Inna, da alkunyar 'yarsa ta fari. A daminar da ta wuce abubuwan nan biyu suka yi karo, ni kuwa Ummukulsum, ƙanwarsa, ni ce na sha matsa a tsakani. Yau dai godiya nake yi, amma da a lokacin kuka same ni, da ba haka za ku ji bakina ba.

Geron Inna ba irin wanda ake aunawa a kasuwa ba ne. Mahaifiyarmu ce ta zo da shi daga ƙasar Daura ranar da aka kawo ta, a ƙulle a bakin zane. Ƙwayarsa ƙanana ce, toka-toka, ba ta da wani kyan gani, amma in aka kirɓa fura da shi har zaure ake jin ƙamshi. Sana'ata ke nan fura, don haka na san abin da nake faɗa. Ba ma sayar da shi ko da wasa. Duk macen da ta haihu a gidan nan, da shi ake dama mata kunun kanwa har ta gama wanka. Da shi aka yi mini, da shi aka yi wa Mariyamu matar Yaya.

Tare da geron Inna ta zo da wata al'ada ta mutanensu, wato binne. A zuba iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, ya kwanta yana jira, ruwan farko na taɓa shi ya tashi. Zazzagawa ba su cika yi ba, har dariya suke yi mata da farko. Da ta rasu sai Yaya ya riƙe abin kamar wasiyya. Sana'arsa ɗinkin babbar riga, amma da zarar shamuwa ta sauka a kan rimin bakin ganuwa, sai ya soke allurarsa, ya saɓa sungumi, ya nufi gonarmu ta gindin dutsen Kufena.

To, shekarar da ta gabaci wannan, ruwa ya ƙi ɗaukewa lokacin girbi. Gero ya ruɓe a tsaye, tsuntsaye suka gama da saura. Dami ɗaya tak muka tsira da shi. Maƙwabtan da Yaya ya taɓa ba su irin duk sun koma masara, ko zangarniya ɗaya babu a wurinsu. Ke nan duk geron Inna da ya rage a duniya shi ne wanda ke rataye a saman murhuna yana shan hayaƙi don kada ƙwari su taɓa shi. Kuma irin da ya sha ruwa a gona ba ya jure ajiya shekara biyu. Ko a shuka shi bana ya yi, ko a yi ban kwana da shi.

Batul ita ce 'yar farin Yaya. Ana yaye ta aka miƙo mini ita, ni na goya, ni na aurar. Kowa ya san alkunyar ɗan fari, amma ta Yaya ta wuce misali. Har yau ban taɓa jin sunanta a bakinsa ba, sai dai “'yar taki”. In ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa yana kallon ɗinkinsa. Ranar da ta gama babban digirinta, Bahago maƙwabcinmu a gona ya zo har zaure yana cewa, “Malam, ashe yanzu Dakta gare mu a unguwa!” Yaya ya ce, “Wa ke nan?” Na san gado ne, haka mahaifinmu ya yi wa Yayan shi kansa. Duk da haka abin yakan ci mini rai, don yarinyar nan ta girma tana leƙen fuskar ubanta ko za ta ga alamar ya ji daɗi, ba ta taɓa gani ba.

A wata cibiyar bincike take aiki a Samaru. Wata Asabar, ana tsananin zafin bazara, ta zo gida da ƙaramin cikinta na fari da kwamfutarta a jaka. Ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, kuma na lura ba a inuwar ɗakina ta shimfiɗa ba, sai daf da ƙofar shigifar da Yaya ke ɗinki. Asabari kawai ke tsakaninsu. Nan na gane ba ni aka zo gani ba.

“Goggo, zo ki ga aikinmu,” in ji ta, da muryar da ko kurma zai ji.

Ta nuna mini taswira, an yayyanka ta kamar tuwon madara a faranti. Ta ce kowane yanki an zuba masa bayanin ƙasarsa, da itatuwan da ke kansa, da zafinsa, da ruwan da ya samu shekaru aru-aru. Ta ce akwai wasu manyan kwamfutoci, ɗaki guda cike, a wata ƙasa mai nisa, su daga nan suke tura musu aiki. Sai a ce musu su yi damina. A ciki hadari zai haɗu, ruwa ya sauka, gero ya tsiro, ɗorawa ta yi toho, har a kai girbi. Sai a ɗan canza iska ko zafin teku, a ce su sake. A sake, a sake, har damina dubu, tun daga bakin hamada har kurmi.

Na ce, “Ashe kin fi kowa shan wahala. Mutane na noma sau ɗaya a shekara, ke kina yi sau dubu, kuma ko tumu ba ki taɓa kawo mini ba.”

Ta yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Ta ɗora yatsa a kan wani ɗan yanki ta ce nan ne Kufena. Ta ce a mafi yawan daminun da suka yi na bana, abu ɗaya ke faruwa a wurin. Ruwa zai zo da wuri, mai ƙarfi, kowa ya ce damina ta zauna. Daga nan ya ɗauke ya daɗe bai dawo ba. Duk abin da aka binne zai tsiro, ya kuma bushe.

“Goggo, a roƙi Baba kada ya binne geron Inna bana.”

Aka yi gyaran murya a bayan asabari.

“Ummukulsum.”

“Na'am, Yaya.”

“Ki tambayi 'yar taki, injin nan nasu shi ke saukar da ruwa?”

Na juya wurin Batul, wadda ta ji komai da kunnenta, na ce, “Kin ji, wai injin naku ke saukar da ruwa?”

“Goggo, ki ce wa Baba ba ya saukarwa, ba ya hanawa. Gaibu sai Allah. Mu alamu muke tarawa, kamar yadda ake duba shamuwa. Sai dai yanayi ya canza, shamuwar ma yanzu ruɗewa take yi.”

Na maimaita wa asabari. Haka muka yi ta yi, su biyun ba su fi tsawon tabarma tsakaninsu ba, ni ina ta safarar magana kamar 'yar aike.

“Ki tambaye ta, a cikin dubun nan, ba a samu wadda binne ya yi kyau ba?”

Na yi mata ƙifce, na harare ta, na yi duk abin da ido zai iya. Yarinyar nan ta sunkuyar da kai ta ce, “An samu, Goggo. Ba su da yawa, amma an samu.”

“To, alhamdulillahi,” in ji Yaya.

Can kuma, har na fara naɗe tabarmar, ya sake magana a hankali. “In ya ɗauke ɗin, yana dawowa?”

“Yana dawowa, Goggo. Gero mai saurin nuna irin na Inna zai kai, in an jira shi.”

Daga nan ba mu sake jin komai ba sai ƙarar zare yana ratsa shadda. Da muka shiga ɗaki na rufe ta da faɗa. Na ce da ta ce babu ko ɗaya, da an wuce wurin. Ta ce, “Goggo, in na yi masa ƙarya yau, gobe da wane baki zan faɗa masa gaskiya?”

Ba a yi mako biyu ba shamuwa ta sauka. Yaya ya shigo madafina da kansa, ya sauke damin, ya ce in sussuke masa. Na ce hannuna ba zai taɓa ba. Ni ba zan taya shi haƙa wa geron uwata kabari ba. Ya ɗauka ya kai sashen Mariyamu, na ji turmi yana tashi daga can. Ko leƙawa ban yi ba.

Washegari da safe ya fito da sungumi a kafaɗa da jakar iri a hannu. Na tsaya a bakin ƙofa na faɗa masa abin da ƙanwa ba ta faɗa wa wanta. Na ce in don 'yarsa ce ta faɗa yake jin nauyin ɗauka, to ya ɗauka ni na faɗa. Na ce da Bature ne ya zo da wannan magana da tuni an shimfiɗa masa buzu. Ya saurare ni har na gaji, sannan ya ce, “Binne Inna ta bari, binne zan yi.” Ya sa kai ya fita.

Ruwan ya zo kamar yadda Batul ta faɗa, da wuri, kamar da bakin ƙwarya. Lungunan birni suka cika, yara suka fita tsalle, ƙamshin ƙasa ya shiga ko'ina. Duk mai gona ya kwashi iri ya fita. Kafin a ce me, gindin Kufena ya yi kore shar, namu ma ya riga na kowa tashi. Bahago ya zo zaure yana ɗaga murya don in ji. “Malam, ai abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba! A gaishe mana da Dakta!” Yaya bai taya shi dariyar ba. Ni kuwa, wallahi, daɗi na ji. Gara a yi wa 'yata dariya shekara guda da a rasa geron Inna har abada. Ita ma da na kira ta a waya abin da ta ce ke nan: “Allah ya sa kuskure muka yi, Goggo.”

Sai ruwa ya ɗauke.

Kullum da la'asar hadari zai haɗu a bayan dutsen Kufena, baƙi ƙirin, mata su fito da robobi su jera a ƙarƙashin indararo. Sai iska ta taso ta watsa shi, mu kwashe robobinmu a bushe. Mako ya bi mako. Aka fita roƙon ruwa, aka yi sadakar gumba, sama dai tana nan fes. Bahago ya daina zuwa zaure.

Ran nan na kasa haƙuri, na yafa mayafi na tafi gonar. Na durƙusa na taɓa tsiron, ya karye a hannuna kamar ƙonannen zare. Tun daga bakin hanya har gindin gawo babu ganye ɗaya mai rai. Na zauna a ƙasa na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ranar da aka fita da Inna. Ba abinci nake yi wa kuka ba, gero ai yana nan a kasuwa. Abin da ta ƙullo a zanenta ta taho da shi garin da ba ta san kowa ba, shi ne ya ƙare a hannunmu.

Daga ranar, tsakanina da Yaya sai gaisuwa. Furar da nake aika masa kullum ban fasa ba, amma na san yadda nake tsinka ta. Batul kuwa, da ta ji, ko sau ɗaya ba ta ce ai na faɗa ba. Cewa ta yi, “Ke nan ni ce zan fara shan kunun geron kasuwa a gidan nan.” Ta faɗa kamar wasa.

Wajen ƙarshen watan Mayu iska ta juya, aka fara jin sanyi-sanyi da safe. Batul ta biyo ta gida daga awon ciki, muna zaune a tsakar gida tana taya ni tsince tsakuwa a gero. Sai ga gyaran murya daga bayan asabari.

“Ummukulsum.”

Na yi kamar ban ji ba. Ya sake kira.

“Na'am.”

“Ki tambayi 'yar taki, injin ya ce yaushe za a shuka?”

Raina ya tashi. “A shuka me, Yaya? Tsakuwar nan da muke tsincewa?”

“Ki shiga ɗakin Inna. Akwai tulu a bayan ƙofa.”

Ɗakin Inna mun mai da shi wurin ajiyar tarkace, nakan yi wata ban leƙa ba. Na ture ƙofar, na ga tsohon tulunta an toshe bakinsa da tsumma an shafe da laka. Na fasa lakar, na zura hannu. Toka na fara taɓawa, a ƙarƙashinta kuma ƙwaya. Na damƙo na fito haske. Ƙanana, toka-toka, ga warin hayaƙin murhuna a jikinsu. Na zauna a bakin ƙofar ina ta faɗin alhamdulillahi, na rasa wata kalmar.

Da na dawo hayyacina na je na yaye asabarin gaba ɗaya. “To me ka binne?”

“Geron kasuwa,” in ji shi, bai ko ɗago daga ɗinkin ba. “Na cika wa Inna al'adarta.”

“Ka bar ni ina kuka kamar marainiya! Me ya hana ka faɗa mini?”

“In na faɗa miki ai na faɗa wa unguwa.”

Na buɗe baki zan musa, na tuna halina, na rufe. Can cikin ɗakin Mariyamu na ji ana danne dariya, ashe da ita aka ƙulla. A nan na gane abin da ya yi. Tun ranar farko ya ɗauki maganar 'yarsa. Amma ya fito fili a ga ya bar al'adar uwarsa saboda bakin 'yar fari, a yi ta yawo da shi a majalisa ana cewa Malam Sadiƙu na ji da 'yarsa, wannan ba zai iya ba. Ya gwammace in yi ta aika masa tsinkakkiyar fura.

Na juya ina murna in ga fuskar Batul, sai na ga hankalinta ya tashi. Ni ina ganin an tsira, ita kuwa ta riga ni hango abin da ke gaba. Dā in geron ya mutu, taurin kan ubanta ne. Yanzu ya ɗauki irin gaba ɗaya ya ɗora a kan maganarta.

“Goggo, ki ce wa Baba ba zan iya yanke masa rana ba. Abin da muke yi kirdado ne mai lissafi, yakan kuskure.”

“Ban ce ta yanke ba,” in ji Yaya, yana kallona. “Abin da ta gani ta faɗa. Saura na Allah ne.”

Ta koma Samaru a ranar. Ta ce mini ita da abokan aikinta sun zuba sababbin bayanai, sun sa injinan sun sake maimaita abin da ya rage na daminar. Bayan 'yan kwanaki ta kira, na sa wayar a amsa-kuwwa na ajiye a bakin asabari, don na gaji da aike. Ta ce, “Goggo, ruwan da zai zo nan gaba, kada a yi gaggawa. A tona, in laima ta kai taƙi guda a ƙasa, a shuka. A fara da ɓangaren itatuwan gawo, ƙasar wurin ta fi riƙe sanyi. Ko an ɗan samu tsaiko bayan nan, yawancin abin da muka gani ba mai tsawo ba ne.” Sannan ta ƙara, “Yawanci na ce, Goggo.”

Ruwan ya sauka wata ranar Talata. Washegari Yaya ya tona da hannunsa, ya auna, ya zuba irin duka, bai rage ko ƙwaya ba. Na bi shi ina rufe ramukan da diddige, abin da rabona da yi tun ina budurwa. Bahago, wanda masararsa ta ƙone ƙurmus, ya tsaya a kan iyaka yana kallo. Da ya ga Yaya da gaske yake, ya juya gida ya ɗebo nasa irin, bai ce komai game da rimi ba.

Tsiro ya fito, sai kuma sama ta sake yin shiru. Ba wani dogon lokaci ba ne, amma a wurina ya fi na farko tsawo. Batul takan kira da safe, ta kira da rana, ba ta tambayar lafiyata, sai dai, “Goggo, akwai hadari a wajenku?” Mijinta Abdulwahab ya ce mini abinci ma sai ya matsa mata. Ganyen gero ya fara naɗewa da tsakar rana. Yaya kuwa yana zaune yana ɗinkinsa kamar ba shi ba, sai dai na lura ya warware aska guda ta adon rigar da ya ɗinka a karkace, abin da ban taɓa gani a hannunsa ba.

Ranar Juma'a, ana saukowa daga masallaci, hadari ya taso ta gabas, wannan karon iska ba ta watsa shi ba. Na fito da robobi, na manta ban jera su ba, na tsaya a tsakar gida ruwa na dukana, tsofai-tsofai da ni. Na gode wa Allah da babbar murya. Na sa wa Batul albarka, na sa wa abokan aikinta, har mutanen can ƙasar da ke kula da injinan, waɗanda ban san sunansu ko addininsu ba, sai da na roƙa musu alheri. Daga ranar damina ta zauna.

Geron Inna ya yi irin yin da ya daɗe bai yi ba, musamman na gindin gawo. Da ya fara nuna na gasa tumu na aika wa Batul har ofis, na ce a faɗa mata na gona ɗaya ne, ina jiran na gona dubu. Bahago ya zo neman iri na baɗi, wasu ma suka biyo shi, Yaya bai hana kowa ba. Ya ce ya ga illar ajiye abu a hannu ɗaya.

Ana cikin girbi Batul ta dawo gida goyon ciki, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Ta sauka lafiya, mace. Abdulwahab, Allah ya yi masa albarka, ya yi wa surukinsa kara, ya sa wa jaririyar sunan da ni da Yaya ba ma iya faɗa, sunan mahaifiyarmu. Ni na surfa geron da hannuna, na daka, na dama kunun kanwa. Ƙamshinsa ya cika gidan har zaure.

Duk tsawon kwanakin nan Yaya bai tako sashenmu ba, kuma ba wanda ya sa ran zai tako. Sai washegarin suna da hantsi, baƙi sun watse, na ji sallama a ƙofar ɗakina. Na leƙa na gan shi tsaye da zangarniyar gero guda a hannu, yana kallon bango. Batul na ciki a bayan labule, ƙwaryar kunu a cinyarta.

“Miƙo mini baƙuwar,” in ji shi.

Na naɗo ta a zane na miƙa masa. Ya zauna a kan dakalin bakin ƙofa, ya daɗe yana kallon fuskarta. Ya ɗora mata zangarniyar a kan zanen, ɗan hannunta ya taɓa. Sai ya yi gyaran muryar nan tasa, ya yi magana da ƙarfin da ya fi ƙarfin kunnen jariri.

“Inna, sannu da zuwa. Ga geronki nan, bai ɓata ba.” Ya ɗan tsaya. “Ba dabarata ba ce. Ki faɗa wa uwarki na gode. Ki ce mata tun tana ƙarama nake ganin ƙoƙarinta, ba wanda ya wuce ni. Allah ya yi mata albarka.”

Don kada in yi abin kunya na ce, “Au, ni an sallame ni daga aikin ke nan?”

“An samu wadda ba ta ƙara gishiri,” in ji shi. Ya miƙo mini jaririyar, ya tashi da sauri ya koma shigifarsa.

Na ɗaga labule na shiga. Batul na zaune yadda na bar ta, ta riƙe ƙwaryar da hannu biyu, hawaye na zuba a cikin kunun, tana murmushi. Ban ce mata ta yi shiru ba, don ta daɗe tana jiran wannan kukan. Na kwantar da Inna ƙarama a gefenta da zangarniyarta, na ce, “Sha mana, kafin ya huce.”

Ta shanye tas, ta miƙo mini ƙwaryar ta ce in ƙaro.